Mudu Biyu a Kasuwa Ɗaya: Darasi Daga Mazaɓun Sanatocin Jihohin Amurka

Gabatarwa

Duk lokacin da aka buga gangar siyasa a ƙasar nan, hankalin jama'a yakan tattara ne kacokan a kan ranar zaɓe. Ana ta tambayar wa ya saci akwati, wa ya sayi ƙuri'a, wace na'ura ce ta ƙi aiki, kuma wane baturen zaɓe ne ya sauya alƙaluma da tsakar dare. Babu shakka waɗannan abubuwa ne da suka cancanci a sa musu ido. To amma akwai wani nau'in tauye haƙƙi wanda ake kammala shi tun kafin a buga takardar ƙuri'a, ba a bukatar ɗan daba ko buhun kuɗi wajen aikata shi, kuma da wuya ka ji ana maganarsa a majalisar hira. Wannan kuwa shi ne yadda ake shata iyakokin mazaɓu. Idan aka bai wa mutum dubu goma wakili ɗaya, aka kuma bai wa mutum miliyan ɗaya wakili ɗaya, to ko da an ƙirga ƙuri'un nan tsakani da Allah a bainar jama'a, an riga an cuci wasu. An auna wa wani da babban mudu, an auna wa wani da ƙarami, alhali kasuwar ɗaya ce.

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, zaɓe ba ya amsa sunan zaɓen adalci sai ƙuri'ar kowane ɗan jiha ta yi nauyi ɗaya da ta maƙwabcinsa. Zan kafa hujja da abin da ya faru a majalisun dattawa na jihohin Amurka, musamman jihar Kalifoniya, domin a can ne aka fi fafatawa a kan wannan batu har aka kai ga Kotun Ƙoli. Daga nan sai mu waiwayo gida, tun da tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko da muke bi tun 1979 daga wajensu muka aro shi.

Majalisar dattawa a cikin jiha

A Nijeriya kowace jiha majalisar dokoki ɗaya gare ta, saboda haka da zarar an ce sanata, Abuja ce ke faɗo mana a rai. A Amurka abin ya sha bamban. Baya ga Majalisar Dattawa ta tarayya, inda kowace jiha ke da kujera biyu, jihohi 49 daga cikin 50 suna da majalisu biyu-biyu na ƙashin kansu, wato ta wakilai da ta dattawa. Jihar Nebraska ce kaɗai ke da majalisa ɗaya tun 1937, ita ma kuma sanatoci ake kiran 'yan majalisar tata. Waɗannan sanatocin jihohi suna da ta cewa a kan kuɗin makarantu da harajin jiha da gina hanyoyi da rabon ruwa, domin babu wata dokar jiha da za ta wuce sai da amincewarsu. Saboda haka wanda ya riƙe rinjaye a majalisar dattawan jiha, ya riƙe maƙogwaron jihar.

Jihar Kalifoniya tana da gundumomi 58, waɗanda za mu iya kwatanta su da ƙananan hukumominmu, majalisar dattawanta kuma tana da kujeru 40. A shekarar 1926, lokacin da birnin Los Anjalis ke ta bunƙasa kamar wutar daji, manoma da mutanen arewacin jihar suka tsorata kada birnin ya haɗiye su. Sai aka kawo wani tsari ta hanyar ƙuri'ar raba-gardama, wanda ya ce babu gundumar da za ta samu fiye da sanata ɗaya komai yawan jama'arta, kuma ba za a haɗa fiye da ƙananan gundumomi uku a mazaɓa ɗaya ba komai ƙarancin jama'arsu. A takarda abin ya yi kama da adalci, domin an ce kowane yanki zai samu bakin magana.

Bari mu ga abin da tsarin ya haifar. A ƙidayar 1960 gundumar Los Anjalis tana da mutane sama da miliyan 6, sanatanta kuma ɗaya tak. A gabashin jihar, cikin duwatsu da hamada, akwai mazaɓa ta 28 wadda ta ƙunshi gundumomin Inyo da Mono da Alpine, mutanenta dubu 14 ne da 'yan kai, ita ma sanatanta ɗaya. Idan mai karatu ya yi lissafi zai ga cewa ƙuri'ar mutum ɗaya a mazaɓa ta 28 ta rinjayi ta mutum fiye da 400 a Los Anjalis. Bugu da ƙari, mazaɓun da suka ƙunshi kimanin kashi 11 cikin ɗari na mutanen jihar sun isa su zaɓi mafi rinjayen sanatoci, su toshe duk wata doka da sauran jama'a ke so. An yi yunƙurin gyara abin a 1948 amma yunƙurin ya sha ƙasa, kuma gwamnan jihar na lokacin, Earl Warren, yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata a kan a bar tsarin yadda yake. Mai karatu ya riƙe wannan suna, za mu sake haɗuwa da shi.

Alabama da hukuncin 1964

Ba Kalifoniya kaɗai ce ke da wannan ciwo ba. A jihar Alabama tsarin mulkin jihar na 1901 ya ce a sake rabon kujeru duk bayan shekara goma, amma 'yan majalisar suka yi kunnen uwar shegu da wannan umurni har tsawon shekara sittin. Dalilin a fili yake: duk wanda ya amince a sake shata iyaka, yana iya shafe kujerarsa da hannunsa. A cikin wannan lokaci mutane suka yi ta kwarara zuwa birane. Gundumar Jefferson, inda birnin Birmingham yake, ta haura mutum dubu 600 da sanata ɗaya, ita kuwa gundumar Lowndes mai mutum dubu 15 da ɗoriya ita ma tana da nata sanatan. Wani abin takaici kuma shi ne, mafi yawan mutanen Lowndes baƙaƙen fata ne, amma har farkon 1965 babu ko ɗayansu da ke cikin rajistar masu zaɓe. Wato 'yan tsirarun fararen fata ne ke zaɓen sanatan da ƙuri'arsa a zauren majalisa take daidai da ta wakilin babban birni.

Da jama'a suka ga 'yan majalisa ba su da niyyar gyara, sai suka garzaya kotu. Shekaru da dama kotunan tarayya suna zame jiki, suna cewa wannan rigimar siyasa ce wadda ba ta shafe su ba. A 1962, a wata shari'a da ta taso daga jihar Tenesi, wadda ita ma rabonta da shata mazaɓu tun 1901, Kotun Ƙoli ta ce kotu tana da hurumin sauraren irin wannan ƙara. Bayan shekara biyu, a ranar 15 ga Yunin 1964, kotun ta yanke hukunci a kan ƙarar Alabama, wadda aka sani da shari'ar Reynolds da Sims. Alƙalai takwas daga cikin tara suka goyi bayan hukuncin, wanda ya ce dole ne kujerun majalisun jiha, ta wakilai da ta dattawa baki ɗaya, su kasance bisa yawan jama'a. Wanda ya rubuta hukuncin shi ne Alƙalin Alƙalai Earl Warren, wato tsohon gwamnan nan na Kalifoniya da ya kare tsarin a 1948. Hujjarsa a taƙaice ita ce, ɗan majalisa mutane yake wakilta, bishiyoyi da gonaki ba sa jefa ƙuri'a, kuma rage wa ƙuri'ar mutum nauyi saboda unguwar da yake zaune ɗaya yake da hana shi zaɓen.

Akwai hujjoji biyu da kotun ta rusa waɗanda ya kamata mu lura da su. Ta farko ita ce ta masu cewa, ai ita ma tarayya kowace jiha sanata biyu take da su, babba da ƙarama, me zai hana jiha ta yi wa gundumominta haka? Kotu ta amsa da cewa jihohi sun shiga tarayya ne bisa yarjejeniya a matsayin masu cin gashin kansu, gunduma kuwa jiha ce ta yanka ta domin sauƙin mulki, saboda haka ba za a haɗa su ba. Ta biyu ta fito ne daga jihar Kolorado, inda jama'a da kansu suka amince da tsarin rashin daidaito a ƙuri'ar raba-gardama ta 1962. A rana guda da hukuncin Alabama kotu ta soke shi, ta ce haƙƙin mutum ɗaya ba abu ne da masu rinjaye za su taru su yafe a madadinsa ba. Wani jigo a Majalisar Dattawan tarayya, Everett Dirksen, ya nemi a gyara tsarin mulkin ƙasa domin a warware hukuncin, amma a 1965 da 1966 ya kasa samun kashi biyu cikin uku da ake bukata.

Sakamakon bai ɗauki lokaci ba. A zaɓen 1966 gundumar Los Anjalis ta tashi daga sanata ɗaya zuwa fiye da goma, kuma a wannan zaɓen ne Mervyn Dymally, haifaffen tsibirin Tirinidad, ya zama baƙar fata na farko da ya shiga majalisar dattawan Kalifoniya. Mutanen da suka zaɓe shi sun daɗe a birnin, ba a ranar suka sauka ba. Iyaka ce kawai ta ɓoye su.

Tsoron mutanen karkara

Adalci ne mu saurari ɗaya ɓangaren, domin ruwa ba ya tsami banza. Mutanen mazaɓa ta 28 suna da dalilin tsoron Los Anjalis. Tun 1913 birnin ya gina wata doguwar magudana yana janye ruwan kwarin Owens da ke gundumar Inyo, har tafkin Owens ya ƙafe, manoma da makiyaya da yawa suka sayar da gonakinsu suka tashi. Duk wanda aka yi wa haka, idan ya ce yana son babban mudu a majalisa domin ya kare kansa, ba za a ce ya yi hauka ba. Irin wannan tsoro ne ke zukatan mutanen ƙauyukanmu idan aka ce za a ƙara wa birni kujeru, kuma gaskiya ne cewa wakilin da mazaɓarsa ta kai tafiyar yini guda a mota yana shan wahalar da ɗan'uwansa na birni bai san da ita ba.

To amma mu tambayi kanmu, shin babban mudun ya tsare musu ruwan? A 1941, lokacin da tsarin nan na 1926 ke kan ganiyarsa, Los Anjalis ta miƙa magudanar har zuwa rafukan da ke shayar da tafkin Mono, a cikin wannan mazaɓar dai. Sanatan da ƙuri'ar mutanensa ta ninka ta 'yan birni sau ɗaruruwa bai hana ba. Abin da ya taka wa birnin burki shi ne hukuncin Kotun Ƙolin jihar na 1983, da umurnin hukumar ruwa ta jihar na 1994 wanda ya taƙaita ɗiban ruwan, duka biyun kuwa sun zo ne bayan an daidaita mazaɓu. Darasin a nan shi ne, marasa yawa suna samun kariya ta hanyar doka mai ƙarfi da kotu mai 'yanci. Idan aka ce sai an tauye ƙuri'ar talakan birni kafin a kare talakan ƙauye, to a ƙarshe waɗanda ke cin moriyar su ne 'yan siyasar da suka samu kujera mai arha, wadda ba sai sun sha rana wajen neman ta ba.

Daidaita yawa bai kashe maguɗi ba

Kada mai karatu ya ɗauka cewa daga 1964 komai ya daidaita a Amurka. Da aka toshe wannan ƙofa sai 'yan siyasa suka ɓullo ta taga. Yanzu mazaɓu suna da yawan jama'a kusan ɗaya, amma jam'iyyar da ke da rinjaye takan zauna da taswira da kwamfuta ta karkata iyakokin yadda za ta cusa magoya bayan abokiyar hamayyarta a 'yan mazaɓu kaɗan, ta warwatsa sauran inda ba za su yi tasiri ba. A 2019 Kotun Ƙolin Amurka ta ce kotunan tarayya ba su da hurumin shiga irin wannan maguɗi na jam'iyya, sai dai kotunan jihohi. A jihar Wiskonsin, inda manyan jam'iyyun biyu ke kankankan a zaɓen gwamna da na shugaban ƙasa, jam'iyyar Rifablikan ta kai ga riƙe kujeru 22 daga cikin 33 na majalisar dattawan jihar. A Disambar 2023 Kotun Ƙolin jihar ta soke taswirar, aka zana sabuwa, kuma a zaɓen 2024 kujerun jam'iyyar suka sauko zuwa 18. Masu zaɓen dai su ne na jiya, taswira ce ta sauya.

Ita Kalifoniya, a 2008 jama'arta suka karɓe aikin shata mazaɓun majalisun jihar daga hannun 'yan majalisa, suka damƙa shi ga wata hukuma ta mutum 14 waɗanda ba masu riƙe da muƙamin siyasa ba ne: biyar daga kowace babbar jam'iyya, huɗu kuma waɗanda ba sa cikin ko ɗaya. Hukumar tana zagayawa tana sauraren jama'a a fili kafin ta ja layi, kuma bayan ƙidayar 2020 kowace mazaɓar sanata a jihar ta ƙunshi mutane kusan miliyan ɗaya. Har ila yau, wasu masu zaɓe a jihar Teksas sun kai ƙara suna neman a riƙa ƙirga masu ikon jefa ƙuri'a kaɗai wajen shata mazaɓun sanatocin jihar 31. A 2016 Kotun Ƙoli ta ƙi, ta ce jiha tana da damar ƙirga kowa da kowa, domin wakili yana yi wa duk mazauna mazaɓarsa aiki, har da yara da baƙin da ba su da ƙuri'a.

Mu waiwayo gida

Bahaushe ya ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mu kuwa namu gemun ya daɗe yana hayaƙi. Tsarin mulkin 1999 ya bai wa kowace jiha sanata uku, Abuja kuma ɗaya, jimilla 109. Ba ina jayayya ba ne da cewa Bayelsa da Legas kowacce tana da uku, wannan yarjejeniya ce ta zaman tarayya, irin wadda kotun Amurka ma ta bari. Maganata a kan yadda aka raba kujerun ne a cikin jiha. Sashe na 71 ya ɗora wa hukumar zaɓe ta INEC alhakin raba kowace jiha gida uku, sashe na 72 kuma ya ce yawan jama'ar kowace mazaɓa ya kasance kusa da daidai gwargwadon iko. Wato abin da Amurkawa suka sha wahalar nema a kotu, mu a rubuce muka same shi. Saura aiki da shi.

Mu ɗauki jihar Legas a matsayin misali. Mazaɓar Legas ta Yamma ta ƙunshi ƙananan hukumomi goma: Agege, Ajeromi-Ifelodun, Alimosho, Amuwo-Odofin, Badagry, Ifako-Ijaiye, Ikeja, Mushin, Ojo da Oshodi-Isolo. Legas ta Tsakiya tana da biyar, Legas ta Gabas ma biyar. Bisa ƙidayar 2006, wadda ta ba jihar mutum miliyan 9 da ɗoriya, Legas ta Yamma ita kaɗai ta haura miliyan biyar da rabi, ta Gabas ba ta kai miliyan biyu ba, ta Tsakiya kuwa kimanin miliyan ɗaya da rabi ce. Gwamnatin Legas ta yi watsi da wannan ƙidaya tana cewa an rage mata jama'a, amma ko da alƙaluman da ake da su aka yi aiki, ƙuri'ar mazaunin Surulere ta ninka ta mazaunin Agege fiye da sau uku a zaɓen sanata. Ga waɗanda suka san Legas, a cikin wannan mazaɓa mai cunkoso ne zangon Hausawa na Agege da Idi-Araba da kasuwar Alaba Rago suke, saboda haka ƙaramin mudun nan da shi ake auna wa Bayarabe da Inyamuri da Bahaushen da ke zaune a can, ba tare da bambanci ba.

Idan muka sauko majalisar dokokin jihar, sai mu tarar da tsarin Kalifoniya na 1926 da ransa. Kujeru 40 ne, an bai wa kowace ƙaramar hukuma daga cikin 20 kujera biyu. Alimosho, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, kujera biyu gare ta. Ibeju-Lekki, wadda a lokacin ba ta kai dubu 120 ba, ita ma biyu. A Majalisar Wakilai ta tarayya kuwa abin ya fi ban mamaki, domin Alimosho wakili ɗaya gare ta, alhali ƙaramar hukumar Tsibirin Legas mai mutum dubu ɗari biyu da 'yan kai tana da biyu. Legas misali ce kawai. Duk jihar da ke da birni mai saurin girma, mai karatu ya bincika zai ga alamar wannan ciwo.

Wani zai ce, to mene ne abin damuwa, sanata ai sanata ne. Abin damuwar shi ne, a siyasarmu mazaɓar sanata ta wuce maganar kujera ɗaya a Abuja. Da ita ake karɓa-karɓar kujerar gwamna, da ita ake raba muƙaman mataimakin gwamna da kakakin majalisa da kwamishinoni, kuma sau da yawa da ita ake rabon makarantu da asibitoci da ayyukan mazaɓu. Idan aka kasa abu gida uku daidai wa daida, alhali kashi ɗaya ya ƙunshi fiye da rabin jama'a, to aji ɗaya zai cika maƙil da yara yayin da wani ke da sauran kujeru.

Inda gizo ke saƙar

Me ya sa ba a gyara ba? Iyakokin da muke amfani da su an shata su ne a 1996, zamanin mulkin soja na Janar Sani Abacha, bisa ƙidayar 1991. Tun daga lokacin ba a sake yin cikakken aikin shata mazaɓu ba, in ban da wasu mazaɓun majalisun jihohi da kotuna suka umurci a maido da su. Yaron da aka haifa a shekarar da aka ja layin ya girma ya yi zaɓe har ya yi iyali, layin yana nan inda yake.

A nan ne ɗalibin harshe zai ga amfanin karatunsa, domin gizon yana saƙa ne a cikin kalmomi. Sashe na 73 ya ce hukumar zaɓe ta riƙa sake duba mazaɓu a tsakanin lokutan da ba su gaza shekara goma ba. A duba wannan jimla da kyau. Ta hana a yi aikin kafin shekara goma, amma ba ta faɗi ranar da jinkiri zai zama laifi ba. Shekara talatin ma ai ba ta gaza goma ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wannan tsagar kuwa ta isa kada ya shige. Sashe na 74 kuma ya ce duk wani sauyin iyaka ba zai fara aiki ba sai majalisun tarayya biyu sun amince da shi. Wato an bai wa kura ajiyar nama, domin waɗanda tsohuwar iyaka ta kai su majalisa su ne ake jira su amince a rusa ta. Wannan shi ne ainihin ramin da Alabama ta faɗa na tsawon shekara sittin.

Matsala ta uku ita ce ƙidaya. Rabonmu da ita tun 2006, wadda aka shirya yi a 2023 kuma aka ɗage ta. Ba a auna hatsi sai da mudu, ba a kuma daidaita mazaɓa sai an san yawan mutanenta. Sannan ga zargin juna tsakanin Kudu da Arewa, wanda ya sa ko a 2014 da INEC ta nemi ƙara rumfunan zaɓe kimanin dubu 30 sai da aka yi ta ce-ce-ku-ce har ta janye. Amma abin lura shi ne, a 2021 hukumar ta sake ɗauko aikin bayan ta tuntuɓi jam'iyyu da ƙungiyoyi, ta ƙara rumfunan daga 119,974 zuwa 176,846, kuma ƙasa ba ta tsage ba. Wannan ya nuna cewa idan aka bi abu a fili, aka nuna wa kowa alƙaluma, ana iya yin sa. Daidaita mazaɓun sanata ma ya fi sauƙi ta wannan fuska, domin babu jihar da za ta rasa kujera ko ta samu ƙari, gyara ne na cikin gida.

Mafita

Da farko, a gyara sashe na 73 ya faɗi ƙarara cewa dole ne a sake duba mazaɓu cikin wani ƙayyadadden lokaci bayan kowace ƙidaya, a kuma faɗi iyakar tazarar da za a lamunta tsakanin babbar mazaɓa da ƙarama. Ana iya barin 'yar rangwame ga yankuna masu faɗi ko masu wuyar shiga, kamar fadamun Neja-Delta da tsaunukan Mambila, amma rangwame daban, ninki uku ko goma daban.

Na biyu, a cire wa 'yan majalisa ikon danne aikin. Idan hukumar zaɓe ta gama shata iyaka bayan ta saurari jama'a a fili, wanda bai gamsu ba ya tafi kotu, kamar yadda ake yi a sauran al'amuran zaɓe. Wanzami ba ya son jarfa, don haka kada mu zauna jiran ranar da za su miƙa wuya da kansu. Ƙungiyoyin lauyoyi da na farar hula suna da sashe na 72 a hannunsu, kuma mun ga cewa a Alabama wasu 'yan tsirarun mazauna birni ne suka shigar da ƙarar da ta sauya ƙasa baki ɗaya.

Na uku ya shafe mu kai tsaye. Duk wanda ke zaune a wuri, a ƙirga shi a wurin, ya kuma mayar da rajistarsa ta zaɓe can. Al'adar nan ta tafiya garinsu ranar ƙidaya ko ranar zaɓe tana rage wa unguwar da mutum yake kwana yake tashi nauyi, alhali a nan 'ya'yansa ke zuwa makaranta, a nan matarsa ke zuwa asibiti. Mu kuma ɗaliban Hausa, mu fassara waɗannan sassa na tsarin mulki cikin harshe mai sauƙi, mu kai su gidajen rediyo da zaurukan sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa. Mutumin da bai san ana auna masa da ƙaramin mudu ba, ba zai taɓa yin ƙorafi ba.

Kammalawa

Idan ɗan takarar sanata ya zo neman ƙuri'armu, bayan ya gama lissafa rijiyoyin burtsatse da kekunan ɗinki da zai raba, mu tambaye shi mutum nawa ne a mazaɓarsa, mutum nawa ne a mazaɓar da ke maƙwabtaka da shi, kuma wane mataki zai ɗauka a kan sashe na 73 da na 74 idan ya isa Abuja. Amsar da zai bayar za ta nuna mana ko wakilcin jama'a ya fito nema ko kujera. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba. Allah ya sa mu dace.